Juan Soto da dala miliyan 765: zuzuta shi ake ko ya ci kuɗinsa?

Wani ƙanina da bai daɗe da zuwa Niyok ba ya turo min tambaya. Yace shagon askin da yake zuwa kullum musu ake akan Juan Soto, ɗan wasan besbol da ya bar kulob ɗin Yankees ya koma Mets, duka biyun na Niyok, 'yan Yankees na cewa zuzuta shi kawai ake, tsayawa yake yi a bashi tafiyar kyauta (a bar shi ya wuce ba tare da ya doki ƙwallo ba saboda jifan ya kauce sau huɗu), bai iya tsaron fili ba, gashi Mets sun zuba masa dala miliyan 765 amma ko wasannin Oktoba na neman kofi basu kai ba a 2025, su kuma 'yan Mets na cewa haushin rabuwa ne kawai. Shi ɗan ƙwallon ƙafa ne bai gama gane besbol ba, yana so in faɗa masa tsakani da Allah waye mai gaskiya.

Toh ƙanina, da farko ka sani ni ɗan Yankees ne, a Bronx nake zaune kusan shekara ashirin, maƙwabtana 'yan Dominika ne suka sa min son wasan nan har na kai ga koyar da yaran unguwa bugu da riƙe littafin maki a wasanninsu na ƙarshen sati. Daren da labari ya fito a Disamban 2024 cewa Soto ya tsallaka Queens wajen Mets wallahi raina ya ɓaci, don haka abin da zan faɗa maka ba don ina son Mets bane. Amma duk wanda yace maka Soto ba gwanin bugu bane, ko dai haushi ke magana ko kuma yana kallon wasan da idon da bai dace ba.

Kafin mu taɓa maganar kuɗi sai ka fara gane abu ɗaya, in ka gane shi sauran duk zasu zo maka da sauƙi. Besbol ba shi da agogo. A ƙwallon ƙafa minti 90 ne dukiyarka, nan kuwa dukiyarka awut ce, wato sau nawa za a fitar da masu bugunka kafin wasa ya ƙare, inin tara wato zagaye tara, kowanne awut uku, jimla 27. Ka ɗauke shi kamar mudu 27 na hatsi a rumbu, duk mai bugun da ya shiga aka fitar dashi ya ci mudu ɗaya, in rumbu ya ƙare wasa ya ƙare ko da kuwa kuna da mutum uku tsaye a kan bes, wato tashoshi ukun da ake zagayawa, suna jiran a kawo su gida su ci maki. Wanda ya shiga ya kai bes ba tare da an fitar dashi ba, ko da duka ya kai ko da tafiyar kyauta, bai taɓa rumbun ba, ya ƙara muku mutum a fili, kuma ya miƙa wa na bayansa dama. Shi yasa masu lissafin wasan suka daɗe da daina kallon yawan hit (dukan da ya kai mutum bes) kaɗai, suka koma kallon sau nawa mutum ke kaiwa bes cikin duk shigar da yayi.

Matsakaicin ɗan wasa a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, a 'yan shekarun nan yana kaiwa bes wajen sau 31 ko 32 cikin 100. Soto tun da ya fara a 2018 yana ɗan shekara 19, shekara bakwai a jere bai taɓa sauka ƙasa da 40 cikin 100 ba: .406 (wato 40.6 cikin 100) a 2018, .401 a 2019, .490 a gajeruwar kakar korona ta 2020, .465 a 2021, .401 a 2022 wadda ita ce kakar da kowa yace ya lalace, .410 a 2023, .419 a 2024. Sai a 2025 ya sauka .396, kuma da hakan ma shine na ɗaya a duk National League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na MLB. Yanzu yi lissafin da kanka, mai bugun da ke wasa kullum yakan shiga wajen sau 700 a kaka, bambancin 40 da 31 da rabi a cikin 700 ya kai kusan 60. Wato awut 60 kenan da wani zai cinye shi bai ci ba, fiye da hatsin wasa biyu cur, duk shekara, babu fashi. Wannan ne abin da ake saya, kuma matsalarsa ita ce ido baya ganinsa, babu wanda ke tashi tsaye yayi ihu don mutum ya ajiye sanda ya taka zuwa bes na farko.

Maganar "tsayawa kawai yake yi" kuwa ita ce tafi min ciwo saboda na san wuyar abin. Ni ina koyar da yara, yaro mai ƙarfin hannu ba wuyar samu yake ba, amma yaron da zai ga ƙwallo ta taho ya hana hannunsa motsi shine zaka shekara baka samu ba. A matakin su Soto ƙwallon na zuwa da gudun mil 95 a awa ko fiye, daga hannun mai jifa zuwa gabanka bata kai rabin daƙiƙa ba, a cikin wannan ɗan lokacin zaka gane miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa ce, zata bi ta cikin akwatin sitirak (inda in ta bi baka buga ba a ƙirga maka sitirak, in sun kai uku an fitar da kai) ko zata kauce, faɗin farantin gida inci 17 ne kacal. Yawancin masu ƙarfi suna bin ƙwallon da ta kauce saboda zumuɗi, masu jifa kuma da wannan suke cin abinci. Soto baya bi. Zaka ganshi ya bar ƙwallo ta wuce da tazarar yatsa biyu, sai ya share ƙasa da ƙafa, ya durƙusa, ya zuba wa mai jifan ido yana gyaɗa kai, wannan rawar tasa da kowa ya santa da ita. In kuma ya ci sitirak biyu sai ya ware ƙafafu ya rage tsawon riƙon sanda, ya koma kare kansa har sai an bashi wadda yake so. A duk tarihin wasansa tafiyar kyautar da ya samu ta fi yawan lokutan da aka kore shi da sitirak uku, a 2021 ma 145 ce da 93. A zamanin nan mai homron (dukan da ke fitar da ƙwallo bayan katanga) arba'in da zai iya wannan ba su da yawa sam.

Kuma ba wai baya duka ba fa. Homron 35 a 2023, 41 a 2024, 43 a 2025, kullum gaba yake. Zuwa ƙarshen kakar 2025 ya tara 244 jimla kuma a watan Oktoban 2025 ya cika shekara 27. Ai da bai da ƙarfi babu mai jifan da zai ji tsoron jefa masa a tsakiya, tsoron ne ke haifar da tafiyar kyautar.

Su 'yan shagon askin naku in 'yan Yankees ne na gaske, tambaye su inda suke daren 19 ga Oktoba 2024. Wasa na biyar da Cleveland, inin na goma, biyu da biyu, awut biyu, mutum biyu a kan bes, Hunter Gaddis na jifa. Soto ya ci sitirak biyu, Gaddis yayi ta turo masa masu lanƙwasa da masu rage gudu shi kuma yana ta taɓa su suna fita gefe yana gyaɗa kai, har mutumin ya gaji ya turo miƙaƙƙiya a sama, ita ce ta bakwai, ya ɗaga ta tsakiyar fili ta fice. Wannan dukan ne ya kai Yankees World Series, wato gasar ƙarshe ta ɗaukar kofi, karon farko tun 2009. Ni a falona nake da yarana, ihun da ya tashi daga benenmu kamar ranar Sallah. A daren nan ban ji mutum ɗaya a Bronx yace zuzuta shi ake ba. Kuma ba ranar ya fara ba, a 2019 shine ya buga wa Josh Hader ƙwallon da ta ceci Washinton a inin na takwas a wasan Milwaukee, da ba don ita ba da an cire su tun ranar farko, sannan a World Series ɗin da Houston yayi homron uku, biyu a kan Gerrit Cole ɗaya a kan Justin Verlander, a tsakiyar wannan gasar ya cika shekara 21, suka ɗauki kofi. Don haka maganar wai baya fitowa a babbar rana ka ajiye ta gefe.

Akwai kuma masu cewa albarkacin Aaron Judge, babban mai bugun Yankees, ya ci, tunda a 2024 shi ke shiga kafin Judge, masu jifa basa son su bashi tafiyar kyauta sannan su fuskanci Judge, ga kuma katangar dama ta Yankee Stadium da take kusa, ƙafa 314, daidai hannun mai bugun hagu. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi kansa ya taɓa faɗa a farkon 2025 cewa jifan da ake masa ya canza tunda babu Judge a bayansa. Amma ai gani ya kori ji, ya koma Citi Field filin Mets babu Judge babu gajeruwar katanga yayi 43.

Yanzu bari in faɗa maka inda masu sukar suke da gaskiya, don suna da ita kam. Tsaron fili ba nasa bane. A 2024 da 2025 a gefen dama na bayan fili ya tsaya, hannunsa na jifa ba laifi, amma baya tashi da wuri in an ɗaga ƙwallo, baya da gudun da zai rufe kuskuren, kuma ma'aunin kyamarorin MLB da ke auna ƙwallayen da ya kamata a cafke ya sha saka shi a cikin na ƙasa, a 2025 ma haka. An saka sunansa cikin 'yan takarar Gold Glove, kyautar gwanayen tsaro, a 2024, ni dai da nake kallonsa kullum a wannan shekarar ban yarda da wannan ba. Duk ƙwallon da ta faɗi gabansa wadda wani zai kama, an rage daga ribar da ya kawo da sanda. Abin da zan ce kawai shine ɗan gefen dama ƙwallo biyu ko uku ke zuwa masa a wasa kuma yawancinsu kowa zai kama, asarar bata kai ko kusa da ribar ba, amma tana nan, kuma in shekaru suka ja ƙaruwa zata yi, wata rana dole a mayar dashi mai bugu kawai wanda baya fita tsaro. Dala miliyan 51 a shekara ga wanda baya riƙe safar hannu ba ƙaramin nauyi bane.

Sannan farkon 2025 gaskiya bai yi kyau ba. Har ƙarshen Mayu matsakaicin bugunsa, wato na hit kaɗai, bai kai .240 ba, in akwai mutane a bes na biyu da na uku sai ya kasa kawo su, fuskarsa babu walwala, rawar ma ya daina. Da Mets suka zo Bronx a tsakiyar Mayu filin gaba ɗaya ya dinga masa ihu, ya cire hular kwano ya gaishe su amma sandarsa bata ce komai ba a wasannin. Kwana kaɗan bayan haka a Fenway filin Boston ya doki ƙwallo ya tsaya kallonta yana zaton ta fice, ta bugi doguwar koren katangar nan ta dawo, maimakon bes na biyu ya ƙare a na farko. Wannan kam bani da abin kare shi, yaro ɗan shekara goma in yayi min haka zan zaunar dashi a benci, kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski. To amma kaka wasa 162 ce, ba wata biyu ba. A Yuni shi aka ba gwarzon wata na National League, kuma zuwa ƙarshe ga abin da ya tara: homron 43, ya kawo mutum 105 gida, shi kansa ya zagayo sau 120, tafiyar kyauta 127 wadda babu wanda ya kai shi a duk MLB, na uku a zaɓen MVP wato gwarzon shekara bayan Shohei Ohtani da Kyle Schwarber. Wani abin mamaki ma satar bes 38, mutumin da bai taɓa wuce 12 ba a baya kuma ba mai gudu bane, zama yayi da kocin bes na farko Antoan Richardson suka dinga karantar motsin masu jifa har ya haɗa kai da Oneil Cruz a matsayin na ɗaya a rukuninsu. Mutumin da ya riga ya sa hannu a kwantiragin shekara 15 babu abin da zai tilasta masa koyon sabon abu, shi ya ga dama. Wannan ya faɗa min abu mai yawa game da halinsa fiye da abin da ya faru a Fenway.

Toh me yasa Mets basu je ko'ina ba? Nan ne ɗan ƙwallon ƙafa ke ruɗewa. A ƙwallo in kana da gwani zaka iya cewa kowa ya bashi, ya taɓa ƙwallo sau tamanin a wasa, shi ke fanareti shi ke firikik. A besbol layi ake bi, mutum tara, in ka buga sai takwas sun wuce kafin ka dawo, ko wasa na hannun Allah a inin na tara in ba layinka bane kana zaune kana kallo. Sau huɗu ko biyar zaka shiga a wasa shikenan, kuma rabin wasan wato jifa babu hannunka a ciki ko kaɗan. Masu lissafi suna da ma'aunin da suke kira WAR, yana ƙiyasta wasa nawa mutum ya ƙara wa kulob ɗinsa akan ɗan cike gurbi, Soto wajen 8 ya samu a 2024, wajen 6 a 2025, kuma wannan matakin 'yan takarar MVP ne. Kulob na buƙatar cin wasa wajen 88 zuwa 90 kafin ya kwanta da daɗi, kaga komai gwanintar mutum ɗaya hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Mike Trout yayi MVP sau uku a Angels, sau ɗaya tak ya ga Oktoba, a 2014, kuma Kansas City suka share su ba tare da sun ci ko wasa ɗaya ba. Waye zai ce Trout zuzuta shi akayi?

Mets a ranar 12 ga Yuni suna da 45 da 24, babu wanda ya kai su a duk MLB. A wannan ranar Kodai Senga ya ji ciwo a cinya, daga nan masu jifansu suka dinga zubewa, Griffin Canning ya tsinke jijiyar dunduniya, Sean Manaea da Frankie Montas sun dawo daga jinya basu zama komai ba, masu farawa basa iya kai inin na shida, sai da kulob ɗin yayi amfani da masu jifa sama da 40 a kaka ɗaya. Daga ranar zuwa ƙarshe 38 suka ci aka cinye su 55, suka ƙare 83 da 79, ranar ƙarshe Miami ta basu huɗu da nema, Cincinnati ta ɗauke gurbin. Kuma ka lura da lokacin, watannin da Soto ke fama kulob na cin wasa, watannin da ya kama wuta kulob na nitsewa. Wannan kaɗai ya ishe ka gane cewa ba a auna mai bugu da teburin kulob ɗinsa.

Maganar kuɗin fa. Mutane na cewa ya za ayi ya fi Judge, wanda ya sa hannu a miliyan 360 na shekara tara, alhali Judge ya fishi. Eh Judge ya fishi a yau, ni ban musa ba, homron 58 a 2024, 53 a 2025, babu mai bugun da ya kai shi yanzu. Amma kasuwa shekarun da ke gaba take saya. Dokar MLB ita ce sai ka shekara shida a babban mataki kafin ka samu 'yancin zaɓar inda zaka je, yawancin 'yan wasa suna hawowa a shekara 23 ko 24, kaga suna isowa kasuwa a 29 ko 30 lokacin da rana ta fara karkata. Judge yana da 30 ya sa hannu. Albert Pujols yana dab da 32 lokacin da Angels suka bashi miliyan 240 na shekara goma a ƙarshen 2011, kuma kusan duk abin da suka biya na abin da ya riga yayi a St. Louis ne, su ragowar suka samu. Soto da yake ya hawo a 19, ya iso kasuwa yana 26, shekarun ganiyarsa duk suna gaba. Irin wannan ba kasafai ake samu ba, Alex Rodriguez ne a 2000 yana 25, sai Bryce Harper da Manny Machado a 2019 suna 26. Harper ma haka aka yi ta cewa zuzuta shi ake lokacin da Philadelphia suka bashi miliyan 330 na shekara 13, yazo yayi MVP a 2021 ya kai su World Series a 2022, yau wannan kwantiragin kamar kyauta ake kallonsa.

Kuma ba Mets kaɗai suka ga haka ba, Yankees ɗinmu miliyan 760 suka miƙa na shekara 16. Duk ɗan Yankees da ke ce maka Mets sun yi wauta ka tuna masa cewa kulob ɗinsa ya so yin irinta, tazarar kaɗan ce.

Ga yadda kwantiragin yake: shekara 15 zuwa 2039, miliyan 51 a shekara in ka raba, wato wajen dala dubu 315 kowane wasa, miliyan 75 daga ciki kuɗin sa hannu ne, kuma babu ko sisin da aka jinkirta, saɓanin na Ohtani da aka ce miliyan 700 amma 680 sai bayan ya gama za a dinga biyansa, wanda in ka auna da darajar kuɗin yau wajen 460 yake komawa. Bayan kakar 2029 Soto na iya ficewa, sai dai in Mets sun ƙara masa miliyan huɗu a kowace shekara ta goman da ta rage, jimla ta zama 805. Shin zai ci miliyan 51 yana da shekara 38, 39, 40? Inaga a'a, kuma inaga su kansu Mets sun san haka. Shekarun ƙarshen hanya ce ta shimfiɗa kuɗin don nauyin kowace shekara ya ragu a lissafin harajin albashi, suna biyan na yau ne a hankali. Abin da ke ɗan kwantar min da hankali a madadinsu shine irin baiwarsa, gudu ne ke fara tafiya, sai saurin hannu, ido shi ke ƙarshe, masu gane ƙwallo irin su Ted Williams da David Ortiz sun kai 40 suna tsoratar da masu jifa. Amma Miguel Cabrera ma gwanin ido ne, jiki ya ci amanarsa tun yana 34, Detroit suka yi ta biyan miliyan 30 da wani abu har 2023. Rabin ƙarshen kwantiragin nan sayen kifi a ruwa ne, duk wanda yace maka ya san yadda zai kaya faɗa kawai yake.

Abin da ba a cika faɗa a shagon aski ba shine amsar ta danganta da waye mai sayen. MLB babu iyakar albashi, haraji ne kawai, in ka wuce wani mataki shekaru a jere ana cajinka har kashi 110 cikin 100 a kan abin da ya haura, har laƙabin harajin Cohen ake masa saboda Steve Cohen mai Mets, attajirin da ya fi duk masu kulob kuɗi. Ga irinsa kuɗin Soto baya hana shi sayen mai jifa, in basu sayi na kirki ba zaɓinsu ne. Da ƙaramin kulob ne labarin daban ne, ka duba Texas da suka ba Rodriguez miliyan 252, yayi musu shekara uku yana wasa kamar aljani har da MVP a 2003, duk shekarun ukun na ƙarshe suka zo a rukuninsu don babu masu jifa, dole suka sallama shi ga Yankees. Kuma zan yarda da 'yan uwana 'yan Yankees a abu ɗaya, da Soto ya tafi sun ɗauki kuɗin sun kawo Max Fried a miliyan 218, suka ƙaro Cody Bellinger da Paul Goldschmidt, Trent Grisham wanda tare da Soto yazo kamar gyara yayi homron 34, suka sake cin wasa 94 daidai da 2024. Kaga akwai hanya fiye da ɗaya. Sai dai da Oktoba tazo Toronto ta cire mu tun zagaye na biyu, kuma ni dai duk lokacin da aka zo wurin da ake buƙatar mutum ya tsaya ya wahalar da mai jifa kafin Judge ya shigo, Soto nake tunawa.

In kana neman cinikin Soto da za a iya cewa an yi tsada da gaske, ni ba na Mets zan nuna maka ba, na San Diyego ne. A 2022 ya ƙi tayin Washinton na miliyan 440, sai suka sa shi kasuwa, ranar 2 ga Agusta Padres suka ɗauke shi da Josh Bell, suka bada CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da Robert Hassell da Jarlin Susana da Luke Voit. Abrams, Gore da Wood duk sun zama All-Star, wato zaɓaɓɓun taurarin shekara, daga baya, Wood yayi homron 31 a 2025 yana ɗan shekara 22 zuwa 23, kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba na tsawon shekaru. Su Padres kaka ɗaya da wata biyu suka samu, sun kai wasan kusa da ƙarshe a 2022 Philadelphia ta cire su, a 2023 yayi musu duk wasa 162 amma suka ƙare 82 da 80, mai kulob ɗin Peter Seidler ya rasu a Nuwamba, aka fara rage kashe kuɗi, a Disamba suka tura shi Yankees. Sun farfaɗo da wani abu, sun samu Michael King, sun yi amfani da Drew Thorpe suka karɓo Dylan Cease, amma ba daidai da abin da suka fitar ba. Kuɗi in attajiri ya kashe wasu zasu shigo, yaro irin Wood in ka bayar sai ka shekara goma baka sake haifar kamarsa ba. Mets kuwa basu bada ɗan wasa ko ɗaya nasu ba, sai kuɗi da gurbin zaɓen matasa da doka ke cirewa.

In Allah ya kaimu Afrilu ka hau jirgin ƙasa mai lamba 7 ka sauka Mets-Willets Point, tikitin sama a ranar aiki baya tsada. In Soto ya shigo kar ka bi ƙwallo da ido, shi zaka kalla, ka dinga ƙirga jifa nawa mai jifan ke kashewa a kansa, sannan ka ƙirga na wanda ya biyo bayansa, ka rubuta a wayarka duk shiga huɗun ko biyar. Mai jifan farko wajen jifa 90 zuwa 100 ake bari yayi kafin a cire shi, ka duba nawa daga ciki Soto shi kaɗai ya cinye. In ka dawo ka kawo min lambobin mu zauna.